Murfin Bido

A cikin jakata, tsakanin bik da kaye,
akwai murfin bido, rawaya, ya tsage ta gefe guda.
Ƙawayena na zaton mantuwa ce ta bar shi.
Ba mantuwa ba ce.

Bido goma sha biyu kurar Baba ke ɗauka.
Ɗan Jimma mai ga-ruwa:
duk Garin Malam an san tarinsa
tun kafin a ji kukan ƙafar kura.
Da assalatu yana layin famfo,
famfon da ba ya zuwa sai ya ga dama,
sannan ya turo ta hawan bayan duwatsu,
ƙirji a kan ƙarfe, takalmin taya na santsi.
Ruwa yake sayarwa,
amma a gidanmu da moɗa ake auna wanka.

Bai san ko harafi ɗaya na boko ba.
Duk da haka, kowace Alhamis: "Murja, kawo kayen."
Ya goge hannu a riga, sau biyu,
ya buɗe da yatsa ɗaya kamar mai taɓa jinjiri.
In jan bik ya cika shafi sai fuskarsa ta washe:
"Yau mushe ya yi miki ado da yawa. Madalla."
Ban taɓa gaya masa ba
cewa ja, a can, kuskure ne.
Na dai riƙa kwana ina gyara
har jan ya ragu, har ya ɓace,
har wata rana ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa,
ko na ɓata wa mushe rai.

Inna Tsahara ba ta da doguwar magana.
Shekarar bak, da aka ce a kai kuɗin rajista,
na dawo daga lakwal na iske ɗaki ya ƙara faɗi.
Keken ɗinkinta babu.
Sai sawun ƙafafunsa huɗu a daɓe,
ta ja tabarma ta rufe.
Na buɗe baki, ta ce, "Tuwo na hucewa."

Baba bai jira sakamako ba.
Cikin bazara, saura kwana goma sha tara,
ya tsaya a tsakiyar hawa,
ya sa dutse a bayan ƙafar kura
kada ruwan mutane ya gangara,
sannan ya zauna.
Waɗanda suka ɗauko shi sun ce ko ɗigo bai zube ba.
Ana zaman makoki Inna ta aiki yara
su kai wa masu shi. Gida shida. Sun riga sun biya.

Ranar da aka kira sunana a filin lise
guɗa ta tashi ta ko'ina,
ni kuwa ina waige-waige, takarda a hannu,
ina neman mai goge tafi sau biyu.

Yanzu dutse nake karanta a jami'a.
Ana mini dariya: ɗiyar mai ruwa, ina ke ina dutse?
Nakan ce, garin nan a kan fa yake zaune,
fa kuma yana da tsaga,
kuma a tsagar nan abin da ya cinye ƙirjin ubana yake barci.
So nake in san inda ake ƙwanƙwasawa ya farka,
kusa, a gindin hawa,
ba sai an tura ba.

Ba kullum nake da ƙarfin zuciya ba.
Akwai daren da lissafi ke ƙi, ido ya yi yaji,
in ji kamar in naɗe tabarmata in koma gida.
Sai in lalubi murfin nan, in juya shi a tafi.
Jiya ma an maido mini da takarda, ja har bakin shafi.
Na fita bayan aji na yi dariya ni kaɗai,
dariyar da ta ƙare da share ido:
Baba, an yi mini ado.

Daga bursu ina ɓoye jika biyu duk wata.
Na ga wani keke a kasuwar Dole, tsoho, amma yana gudu.
Inna ba ta sani ba.
Har yau ba ta ɗaga tabarmar ba.